Yadda Za Ka Saurari Kundin Tsoffin Waƙoƙin Fleetwood Mac na 1971

Mafi yawan waɗanda suka san sunan Fleetwood Mac sun san ta ne da muryar Stevie Nicks da kundin Rumours na 1977. Amma shekara goma kafin nan, ƙungiyar 'yan samari ce a Landan masu kaɗa bulus, kiɗan baƙaƙen fatan Amurka, ƙarƙashin jagorancin wani makaɗin jita mai suna Peter Green. Waƙoƙin wannan zamani ne kamfanin CBS ya tattara a 1971 a faifai ɗaya da ya kira Greatest Hits. Waƙa 12 ce a ciki, kuma idan ka kunna su yadda aka jera su za ka ji daɗi, sai dai labarin da ke cikinsu zai wuce ka. Ga yadda za ka bi.

Mataki na farko: tabbatar kundin da ke hannunka

Kundi biyu ne na wannan ƙungiya ke ɗauke da suna Greatest Hits. Ɗaya na 1971, ɗaya na 1988, kuma ba su haɗa waƙa ko guda ba. Na 1988 shi ne ya fi yawo, shi zai fara fito maka idan ka bincika a YouTube ko Spotify. Duba jerin waƙoƙin: in ka ga "Albatross" da "Oh Well" da "Man of the World", kana kan hanya. In ka ga "Dreams" ko "Go Your Own Way", ka shiga wani gida. Idan ba ka samu kundin a dunƙule ba, kada ka damu, nemo waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, domin dama wargaza shi za mu yi.

Mataki na biyu: san masu kiɗan

Peter Green ya fito ne daga ƙungiyar John Mayall, inda ya gaji kujerar Eric Clapton a 1966. A can ya yi kiɗa tare da Mick Fleetwood mai ganga da John McVie mai jitar bas. Da ya kafa tasa ƙungiyar a 1967, sai ya raɗa mata sunayen waɗannan biyun, ya bar nasa. Jeremy Spencer shi ne makaɗin jita na biyu, Danny Kirwan kuma ya shigo a 1968 yana ɗan shekara 18, ya zama na uku. Riƙe waɗannan ukun a ranka, saboda kusan duk aikin sauraren nan shi ne ka gane wane ne ke kaɗawa.

Mataki na uku: sake jera waƙoƙin bisa lokacin fitowarsu

Wannan shi ne zuciyar abin. Masu kundin sun buɗe shi da "The Green Manalishi", wadda ita ce ta ƙarshe da Green ya fitar tare da ƙungiyar, wato sun fara maka labari daga ƙarshe. Buɗe sabon jeri a wayarka ka shirya su haka.

Na 1968: "Shake Your Moneymaker", "Black Magic Woman", "Need Your Love So Bad", "Stop Messin' Round", "Love That Burns", "Albatross". Na 1969: "Man of the World", "Rattlesnake Shake", "Oh Well" kashi na ɗaya da na biyu. Na 1970: "The Green Manalishi". Na 1971: "Dragonfly".

Kada ka bari wayar ta riƙa cakuɗa maka su. Ka kuma yi amfani da abin saƙalawa a kunne ko lasifika mai kyau, don lasifikar waya tana cinye bas ɗin McVie gaba ɗaya, kuma rabin daɗin yana can ƙasa.

Mataki na huɗu: koyi ƙirga bulus da "Stop Messin' Round"

Bulus yana da ma'auni da ake maimaitawa. Kunna wannan waƙa, ka bi gangar kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Kowace huɗu gaɓa ɗaya ce. A gaɓa ta biyar za ka ji kiɗan ya ɗaga, a ta bakwai ya dawo inda ya taso, a ta tara ya sake hawa sama da na farko, sannan ya gangaro. Gaɓa 12 ta cika, sai a koma farko. Yi haka sau uku ko huɗu, kunnenka zai riƙa jin juyin kafin ya zo.

Sai ka lura da abin da ke faruwa tsakanin baki da jita. Green zai rera layi ɗaya ya yi shiru, jitar ta amsa masa, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa mawaƙi, sai dai a nan mutum ɗaya ne ke yin biyun. A "Love That Burns" abin ya fi fitowa fili, domin tafiyar a hankali take, da ƙahonin busa a baya suna riƙe da ita.

"Shake Your Moneymaker" kuwa ta Spencer ce. Yana saka ɗan bututu a yatsa yana goga shi kan tsirkiya, shi ya sa sautin ke zamewa daga wannan murya zuwa waccan ba tare da tsayawa ba. Waƙar mawaƙin bulus na Amurka Elmore James ce, kuma Spencer kwaikwayonsa yake yi tsaf, har muryar. A ganina ita ce mafi ƙarancin nauyi a kundin, amma tana nuna maka daga inda suka taso.

Mataki na biyar: nemo na asali ka gwada

Saurari ta Elmore James ɗin, sannan ka nemi "Need Your Love So Bad" ta Little Willie John, wadda ta fito a 1955. Ka kunna tasa, ka kunna ta Green. Za ka ji Green bai yi ƙoƙarin kamo muryar mai waƙar ba, jitar ya bar wa aikin. Da "Black Magic Woman" kuma sai a juya: Green ne ya rubuta ta, amma makaɗin jita Carlos Santana ne ya kai ta duniya a 1970, ya ƙara mata gangunan Latin Amurka, har mutane da yawa suke zaton tasa ce. Ta asalin ta fi bushewa, ta fi duhu.

Mataki na shida: tsaya a "Albatross"

Nan ne suka bar kwaikwayo. Babu murya ko ɗaya a cikinta. Fleetwood yana bugun ganga da sanduna masu laushin kai, sautin na tasowa yana kwantawa, bas yana maimaita bugu ɗaya, jitar Green da ta Kirwan suna tafiya tare a hankali. Wannan kiɗa marar waƙa shi ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a farkon 1969. Saurare ta sau biyu: karon farko ka bi jita, karo na biyu ka manta da jita ka bi ganga kawai.

Abin da za ka koya game da Green a nan shi ne ƙarancin abin da yake kaɗawa. Makaɗan zamaninsa da yawa gudu suke yi a kan tsirkiya. Shi yakan danna sauti ɗaya ya riƙe shi, ya ɗan girgiza shi, ya bar fili. Jitar da aka fi saninsa da ita Gibson Les Paul ce ƙirar 1959, mai wani sauti siriri kamar ta hanci. Daga baya ta koma hannun Gary Moore, yanzu tana wurin Kirk Hammett na Metallica.

Mataki na bakwai: ji waƙoƙin 1969 zuwa 1970 a zama ɗaya

Kada ka yanke a tsakani. "Man of the World" ta kai matsayi na biyu a Birtaniya, amma mai rera ta mutum ne da ya samu duk abin da ake nema yana faɗin bai ji daɗin zuwansa duniya ba. Idan Ingilishinka ya kai, nemo kalmomin ka karanta. Idan bai kai ba, muryar ta isa. "Oh Well" kashi na ɗaya tana zuwa da ƙarfi, kiɗa ya tsaya cak, murya ta fito ita kaɗai, kiɗa ya sake faɗowa. Kashi na biyu kamar ba ƙungiya ɗaya ba: jitar katako irin ta Sifen, da sarewa, ba gaggawa. A ƙaramin faifan da ta fara fitowa, kowane kashi fuskarsa daban, sai an juya faifan. Mutane da yawa suna tsallake na biyun. Kai kada ka tsallake.

"The Green Manalishi" ita ce mafi nauyi, har 'yan ƙungiyar Judas Priest suka sake rera ta daga baya. Green ya ce a kan kuɗi ya yi ta. A lokacin yana matsa wa abokansa su rabar da abin da suke samu, ga ƙwayar LSD ta fara taɓa shi. Ya bar ƙungiyar a watan Mayun 1970, watan da waƙar ta fito, ya kuma yi shekaru yana fama da taɓin hankali. Ya rasu a 2020.

Sauran "Dragonfly". Babu Green a ciki. Kirwan ne ya ɗauki baitocin mawaƙin Wales W. H. Davies ya sa musu kiɗa, kuma ba ta yi kasuwa ba. Ka saurari yadda jitocin ke tafiya bibbiyu, ka koma kan "Albatross", za ka gane hannun Kirwan ya fi yawa a can fiye da yadda ka zata. Idan kana son ƙari bayan wannan, nemi kundinsu Then Play On na 1969, da kuma ɗaukar da suka yi a ɗakin ɗaukar waƙa na Chess da ke Shikago a Janairun shekarar, inda suka zauna da makaɗan bulus Willie Dixon da Otis Spann.