Yadda Ake Tsara Gajeren Fim na Ban Tsoro a Kan Aminan da Wuya Ta Raba

Matasan da ke ɗaukar gajerun finafinai da wayoyinsu a Birnin Kebbi, Argungu da Yauri, idan suka nufi ban tsoro, abin da suke fara nema shi ne farin ƙyalle da garin allin da za a shafa wa mai fitowa a matsayin fatalwa. Wannan kan sa mai kallo ya zabura sau ɗaya, daga nan ya fashe da dariya. Tsoron da ke bin mutum har makwancinsa yana fitowa ne daga ganin aminai suna juya wa juna baya a daidai lokacin da kowannensu ya fi bukatar ɗan uwansa, saboda haka daga kan abotar ya kamata marubuci ya fara aiki.

Da farko a zaɓi wurin da ba shi da mafita. A fim ɗin Night of the Living Dead na 1968, George Romero ya tara mutane a wani gidan gona, kuma gardamar da ta kaure tsakanin maza biyu, kan ko a ɓuya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko a tsare ƙofofin sama, ta taimaka wajen halaka su kamar yadda gawawwakin da suka tashi suna farautar mutane a waje suka taimaka. Ɗan Kebbi yana da wurin da ya fi gidan gona matsi. A ɗauki abokai huɗu da ke komowa daga ɗaurin aure a wani tsibiri kusa da Yauri, a cikin kwale-kwale mai inji, sai injin ya mutu bayan magariba, hazon hunturu kuma ya rufe gaɓar kogin Kwara. Babu mai iya yin fushi ya tafi gida, dole kowa ya zauna gwiwa da gwiwa da wanda yake zargi.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi kowane muhimmanci, shi ne a dasa ɓarakar tun kafin haɗari ya zo. A fim ɗin The Descent na 2005, mata shida sun shiga kogo, kuma jagorarsu ta kai su wani kogon da ba a taɓa bincikawa ba, ba tare da ta sanar da su ba. A namu labarin, ana iya cewa an haɗa kuɗin fetur an danƙa wa Bashar, shi kuwa ya sayi rabi ya biya wani bashi da ragowar, yana ganin zai isa. A nuna wa mai kallo wannan a fitowar farko, cikin raha, ta yadda zai riga sauran abokan sanin gaskiya, ya zauna yana fargabar lokacin da asiri zai tonu. Laifin ya zama irin wanda kowa zai iya aikatawa, domin idan Bashar mugu ne tun asali, babu wata amanar da za a ga ta karye.

Daga nan sai a riƙa ƙwace musu abin dogaro ɗaya bayan ɗaya: fetur, sabis, cajin waya, filafilin da ya suɓuce cikin ruwa. Kowace asara ta zo ta hannun ɗayansu.

Shi kuwa abin tsoron, a ɓoye shi. The Blair Witch Project na 1999 bai nuna mayyar ko sau ɗaya ba, kuma rashin kuɗin ƙera dodo ma dalili ne mai kyau na bin wannan hanya. Ya isa a ji wani abu yana bugun ƙarƙashin jirgin sau uku, ya yi shiru, ya sake. Amfanin ɓoyewar shi ne kowane aboki zai fassara bugun gwargwadon abin da ya yi imani da shi: ɗaya ya ce dorina ce a yi tsit, ɗaya ya kama karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, na uku kuma, wanda ya tashi gidan masunta, ya ce 'yan ruwa ne kuma akwai wanda suke bi bashi a cikin jirgin. Da zarar an furta wannan magana, idanu za su bar ruwa su koma kan juna.

A kula da harshe a wannan gaɓa. Waɗanda suka taso suna kiran juna da laƙabi da "mutumina" za su koma kiran cikakken suna, tsohon barkwanci ya rikiɗe ya zama gori. Jimla ɗaya a cikin sanyin murya, kamar "Bashar, don Allah nawa ka saya?", ta fi ihun minti biyar nauyi.

Ƙololuwar labarin ita ce zaɓi. Ruwa ya fara shiga jirgin, rigar ceto guda ɗaya ce, ko kuma wani ya faɗa ruwa yana miƙo hannu, wanda ya fi kusa da shi kuwa shi ne wanda aka ci amanarsa. A bar kyamara a kan fuskarsa har mai kallo ya ga jinkirin, domin ko ya miƙa hannun daga baya, sauran sun riga sun gani.

Wajen ɗauka, kada a kusanci tsakiyar kogi, ballantana da dare, ganin yadda haɗarin jirgin ruwa ya sha cin rayuka a yankin, har da wanda ya auku kusa da Warrah a 2021. A nemi izinin mai gari da Sarkin Ruwa, a ɗaure jirgin a bakin gaɓa inda ruwa bai wuce gwiwa ba, a ajiye gwanin iyo kusa, a ɗauka da almuru sannan a ƙara duhun wajen tacewa. Sautin ruwa, kukan kwaɗi da bugun katako kuwa a naɗe su daban da wata wayar, a wurin da babu iska, a ɗora su daga baya.