Yadda ake aika imel ɗaya ga mutane da yawa ba tare da an tona adireshin kowa ba

Sakataren ƙungiyar iyayen yara a Sabon Gari da malamin Jami'ar André Salifou mai son isar da jadawalin jarrabawa ga ɗalibai 120, ciwonsu ɗaya ne: a kowane saƙo sai sun jera adireshi ɗaya bayan ɗaya, kuma duk da haka sai an tsallake mutum biyu ko uku. Maganin abin shi ne jerin rarraba saƙo, wato suna guda da aka tara adireshi masu yawa a ƙarƙashinsa. Sai dai iri biyu ne, kuma wajen zaɓen ne ake yawan yin tuntuɓe.

Nau'i na farko yana zaune ne cikin littafin adireshinka, kai kaɗai ke ganinsa. Tun da galibin na'urorin Damagaram da Faransanci suke magana, za a kira maɓallan da sunan da za ka gani a allo. Shiga contacts.google.com a kwamfuta, ka danna "Créer un libellé" a gefen hagu, ka raɗa masa suna gajere, misali Iyaye2. Sai ka yi wa mutanen da kake so alama, ka danna "Gérer les libellés", ka zaɓi sunan, ka tabbatar. Daga nan duk lokacin da ka buɗe sabon saƙo a Gmail ka fara rubuta sunan, zai fito, adireshin duka su zubo gaba ɗaya. A manhajar Gmail ta salula ba kullum sunan ke fitowa ba, don haka aikin farko a yi shi a kwamfuta.

In mutanen sun haura hamsin, kada ka wahalar da yatsunka. Jera su a teburin Excel, suna a shafi ɗaya, adireshi a na biyu, ka adana shi a matsayin CSV, wato fayil ɗin da ake raba bayanansa da waƙafi, sannan ka koma contacts.google.com ka danna "Importer". Ga inda yake lalacewa: Excel mai Faransanci yana raba bayanai da alamar ɗigo da waƙafi (;) maimakon waƙafi, shi ya sa za ka ga suna da adireshi sun cakuɗe wuri guda. Buɗe teburin a Google Sheets ka sauke CSV daga can, shi da waƙafi yake rabawa.

Yanzu ga babbar magana. Layi uku ne a saman saƙo: À, Cc da Cci. Duk adireshin da ka sa a biyun farko, kowa zai gan shi. Ka zuba iyaye ɗari a À, ka raba wa mutum ɗari adireshin juna ke nan ba da izininsu ba, har da na matan aure da ƴan mata waɗanda ba su yarda a san nasu ba. Kuma da zarar mutum ɗaya ya danna "Répondre à tous" don ya ce "Allah ya saka da alheri", amsar ta shiga akwatin kowa, wani ya amsa masa, shi ke nan an buɗe kasuwa. Ka'idar ita ce ka sa adireshinka a À, jerin kuma a Cci. Kowa zai samu saƙon, ba wanda zai ga wani, amsa kuma gare ka za ta dawo. Cc na mutum biyu ko uku ne da suka san juna, kamar shugaba da ma'aji.

Gmail na kyauta yana da iyaka: mutum 500 a rana, kuma waɗanda ke Cci ma ana ƙirga su. Ka ƙetare, a hana ka aikawa, abin yana iya kai awa 24. Abin da za ka maƙala kuma kada ya wuce mega 25, kodayake wanda ke ƙauye yana fama da rezo ba zai gode maka ba ko da mega 10 ne. Rage girman hoton, ko ka mayar da takardar PDF. Ka shiga saituna ma ka kai lokacin "Annuler l'envoi", wato soke saƙon da ka aika, zuwa daƙiƙa 30 daga 5. Wata rana zai fitar da kai kunya.

Aibin wannan nau'i shi ne jerin na mai akwatin ne. Ranar da aka canza sakatare, jerin ya tafi da tsohon. Ƙungiyar da ke son ɗorewa sai ta koma nau'i na biyu: groups.google.com, "Créer un groupe". Za a samu adireshi guda mai ƙarewa da @googlegroups.com, duk abin da aka aika masa ya isa ga mambobi duka. A rubuta sunan ba ƙugiya, domin adireshin ba ya karɓar ɗ ko ƙ. A naɗa masu mallaka biyu aƙalla, kuma tun ranar farko a tsai da wanda ke da ikon aikawa: in na sanarwa ne, shugabanni kawai, in ba haka ba gaisuwar Juma'a za ta binne sanarwar taro. Wanda ya gaji yana iya fita da kansa.

Bayan aikawa ta farko, duba saƙonnin da suka dawo daga mailer-daemon, wato na'urar da ke sanar da kai saƙon da bai isa ba. Lamba 550 yawanci na nufin babu wannan adireshin. Kafin ka goge mutum, duba rubutun: gmail.con, ko yahoo.com a inda mai shi yahoo.fr yake da shi, kuskuren da ya zama ruwan dare a nan. Gyara shi cikin littafin adireshin, ba cikin saƙon ba, don kada ya sake dawowa. Wanda kuma ya ce bai ga komai ba alhali saƙon bai dawo ba, ya leƙa Spam, ya danna "Non-spam", sannan ya adana adireshinka cikin lambobinsa.