Kafin ku rubuta "kick the bucket" a saƙon ta'aziyya

'Yan uwa masu koyon Turanci, ga wata shawara. Sanin ma'anar karin maganar Bature bai isa ba, sai an san wurin da ake faɗarta da kuma bakin da take fitowa.

Ku ɗauki "kick the bucket". Ƙamus zai ce muku ma'anarta mutuwa, kuma haka ne. Amma magana ce ta raha da gatsali, tun asali ma a ƙamus na zantukan 'yan tasha aka rubuta ta a Ingila a 1785. Nauyinta ya fi kusa da a ce wane ya sheƙa barzahu. Wa zai shiga gidan makoki ya faɗi haka? To, wanda ya rubuta wa abokin aikinsa Bature ita ranar da mahaifinsa ya rasu, abin da ya yi ke nan, ko da zuciyarsa fes take. Abin da ya dace shi ne "passed away", wadda ke daidai da ya rasu ko ya riga mu gidan gaskiya, sai a ƙara da "I am sorry for your loss".

Don Allah, in kun tsinci sabuwar karin magana, kada ku yi gaggawar aiki da ita. Ku duba ko ƙamus ya yi mata alamar "informal", "slang" ko "humorous", sannan ku nemo jimloli kamar biyar da masu harshen suka yi amfani da ita, ku lura wa ke magana da wa, kuma cikin wane hali.