Yadda ake saita ƙarar hedifon wajen kaɗa gangar lantarki ba tare da an cuci kunne ba

Mutane da yawa na sayen gangar lantarki, irin su Roland V-Drums ko Yamaha DTX ko Alesis, don su yi atisaye a ɗaki ba tare da sun hana maƙwabta barci ba. Maƙwabta kam sun huta, amma ƙarar ba ta tafi ko'ina ba, an tattara ta ne an ɗura wa makaɗi a kunne. Abin da ke damuna shi ne kunne yana sabawa da ƙara. Bayan rabin awa sai ka ji kamar sautin ya ragu, ka ƙara, jim kaɗan ka sake ƙarawa. Saboda haka dabarar gaba ɗaya ita ce ka yanke wa ƙarar iyaka tun kunnenka yana hutacce, kuma kada ka ƙetare ta.

Fara da sanin lissafin. Ana auna ƙara da desibel. Hirar mutum biyu a ɗaki wajen desibel 60 ce. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta ce desibel 85 iyakarsa awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi tsaurarawa, ta ba babba desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma 75. A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu gashi-gashi kimanin 15,000, su ke mai da girgizar sauti ta zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Wadda ƙara ta kashe ba ta sake tsirowa.

Mataki na biyu shi ne zaɓen hedifon, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Sanda tana dukan roba tana ba da nata "ƙwas-ƙwas", janareta na ruri a waje, fanka na juyawa. In hedifon ɗinka ba ya toshe waɗannan, dole ka yi ta ƙara sauti don ka danne su. Nemi mai rufaffen baya wanda ke lulluɓe kunne duka, ko iyafis na makaɗa mai robar da ke cika ramin kunne. In soson hedifon ya tsufa ya lotsa, canza shi. In kuma da hali, ɗauki ganga mai fatar raga, wato wadda fuskarta saƙar zare ce maimakon roba, domin dukanta bai kai na roba ƙara ba, ka kuma nisanta janareta daga tagar ɗakin.

Sai kunnawa. Murɗa majuyin da aka rubuta PHONES a jikinsa zuwa ƙasa gaba ɗaya kafin ka kunna akwatin sautin, wato na'urar da ke fitar da sautin gangunan, ko ka soka wayar hedifon, don ƙarar da ke fashewa lokacin sokawa kai tsaye take shiga kunne. Sa hedifon, ka daki ƙaramar gangar tsakiya da faranti (faifan nan mai sautin ƙarfe) da ƙarfin da kake duka in kiɗa ya yi daɗi, ba a hankali ba. Riƙa ɗaga majuyin kaɗan-kaɗan har ka ji komai sarai, ka tsaya nan. Manna ɗan salatif a wurin ya zama alama.

Yanzu ka haɗa sauran sautukan. In kana bin waƙa daga waya, ko kana bin ƙirgen mitronom, wato abin da ke buga "tik-tik" don daidaita saurin kiɗa, kada ka ɗaga su don su kamo ganga. Rage abin da ya yi yawa. Yawancin akwatunan nan suna ba ka damar rage ƙarar kowace ganga ita kaɗai, to fara da farantan, su ne ke da kaifin sauti mai gajiyar da kunne. Mitronom kuma in ba ka jin sa, canza masa sauti zuwa wanda ya bambanta da na gangunan, sai ka ji shi ko da a ƙasa yake.

Akwai gwajin da nake so kowa ya yi, ba ya cin ko kwabo. Kafin atisaye, kunna rediyo inda ake magana, ka rage shi har daidai inda da ƙyar kake gane kalmomin, sai ka kashe ba tare da ka taɓa majuyinsa ba. Da ka gama kiɗa, sake kunna shi. In maganar ta ɓace maka, ƙarar da ka sha ta yi yawa, gobe ka matsar da salatif ɗinka baya. Haka ma in ka cire hedifon ka ji kunnenka na "shiii", ko ka ji muryoyin mutane kamar ta cikin bargo.

Riƙa cire hedifon na minti goma bayan kowace awa. Ka kuma tuna lissafin na yini ne duka: ranar da ka kaɗa a coci ko gidan biki kusa da manyan lasifikoki, ko ka wuni kusa da injin niƙa, ka taƙaita atisayen dare ko ka bar shi.

In ƙugin kunne ya wuce kwana ɗaya ko biyu bai tafi ba, je ka ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro a yi maka gwajin ji. Ɓarnar ƙara takan fara bayyana ne a siraran sautuka, wajen hez 4,000 (hez shi ne ma'aunin kauri ko sirantakar sauti), tun kafin mutum ya lura da kansa. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da wannan sashe. In kuwa ji ya ɗauke maka farat ɗaya a kunne guda, kada ka ɗiga mai ko ka jira ya washe da kansa, ka tafi asibiti a ranar.