Yadda za ka hangi tauraruwa mai wutsiya daga saman gidanku a Kaduna

Kafin ka kashe ko sisi a kan madubin hangen nesa, fara da duba kwanan wata. Farin wata yana shafe wutsiyar tauraruwa gaba ɗaya, don haka ni daga ashirin da biyar ga watan Musulunci zuwa uku ga sabo nake fita. Ga mu 'yan Kaduna kuma, babu lokacin da ya kai ƙarshen Oktoba da Nuwamba: ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba. Da zarar buji ya kankama a Disamba, ko Kaza da 'Ya'yanta da ƙyar za ka iya ƙirgawa.

Kada wani ya ce maka sai ka shiga daji da dare. A halin da ake ciki, saman bene ko tsakar gida ya wadatar, musamman daren da aka ɗauke wuta a unguwa kafin maƙwabta su tada janareto. Ka ba fitilun titi baya, ka ɗaure bakin tocila da jar leda, ka rage hasken waya, sannan ka zauna kamar minti 20 ido ya saba da duhu. Mutane da yawa a nan suke gajiya su sauka.

Tauraruwar nan da ke wulgawa ta ɓace nan take ba mai wutsiya ba ce, tsakuwa ce ke ƙonewa a iska. Mai wutsiya dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura, idan ta kusanci rana sai ta fara fitar da tururi, hasken rana da iskarta su tura shi baya, shi ya sa wutsiyar kullum take fuskantar nesa da rana, shi ya sa kuma ake nemanta yamma bayan magariba ko gabas kafin asuba. A madubi mai ido biyu, irin 10x50, za ka gan ta dishi-dishi kamar ɗan ɓarɓashin auduga. Kada ka ƙura mata ido kai tsaye, kalli ɗan gefenta, sai ta fi fitowa. Haka na kalli wata mai wutsiya da ake kira Tsuchinshan-ATLAS a Oktoban 2024 daga saman wani bene a Unguwar Rimi, tana sama kaɗan da inda rana ta faɗi. Ka zana ta a takarda tare da taurarin da ke kewaye da ita. Gobe ka sake zanawa. Idan ta gusa, ita ce. Manhajar Stellarium za ta nuna maka inda za ka duba. Mai wutsiyar da ake kira Halley kam, tun 1986 da ta wuce sai 2061.

Neman fashewar tauraro (supernova) aiki ne na daban, kuma gaskiya sai da babban madubi ko kyamara. Rabon da a ga irinta da ido a cikin tarin taurarin da duniyarmu ke ciki (Milky Way) tun 1604. Dabarar ita ce ka zaɓi wasu tarin taurari na nesa, ka riƙa ɗaukar hotonsu kana kwatantawa da tsohon hoto, kana neman ɗigon haske inda da babu. Da haka Koichi Itagaki, ɗan Japan mai yi don sha'awa, ya gano wadda ta fashe a tarin taurarin da ake kira M101 a Mayun 2023. Robert Evans kuwa, wani fasto a Ostareliya, haddace siffofinsu ya yi, ya gano sama da 40 da idonsa ta madubi.

Idan ka ga sabon ɗigo, ka jira awa ɗaya ka sake ɗauka. Wanda ya motsa dutsen sama ne ko tauraron ɗan adam. Wanda ya tsaya cak, rubuta lokaci da wurinsa, ka duba shafin Transient Name Server, inda ake rajistar irin waɗannan, ko wani ya riga ka. Galibi na'urorin ATLAS masu sa ido a sararin sama sun riga kowa. In mai wutsiya ce, cibiyar Minor Planet Center ake kai rahoto.