Darasi na 7: Tukunyar Lantarki Mai Dahuwa a Hankali

Masu farfesun kai da ƙafa sun san nama mai tauri ba ya son gaggawa. Sukan bar tukunya a kan garwashi tun dare, kafin safiya ganda ta yi lugub. Haka wannan tukunya take aiki, sai dai ita da lantarki. Kamfanin Rival na Amurka ya fito da ita a 1971 da sunan Crock-Pot, yanzu ga ta har a cikin kayan ɗakin wasu amare a Katsina.

Kashi uku gare ta: kwanon ƙarfe na waje mai wayar da ke ɗaukar zafi, da tukunyar tangaran da ake zuba abinci, da murfin gilashi. Zafin yakan ratsa tangaran sannu a hankali. Tururi ya tashi, ya taɓa murfi, ya ɗigo ya koma ciki. Shi ya sa ruwa ba ya ƙonewa, kada ki cika shi kamar a tukunyar murhu. Cikin awoyin nan jijiyar nama takan narke, romo ya yi kauri. Ba ta cin wuta sosai, ko rabin ta dutsen guga ba ta sha.

A jikin maɓallinta za ki ga rubutu. Low ƙaramar wuta ce, kamar awa 8. High babba ce, kamar awa 4. Warm ba ta dafa komai, tana riƙe ɗumin dafaffen abinci ne kawai.

Ƙwayoyin cuta masu kawo amai da gudawa sun fi hayayyafa a ɗumi tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Celsius. Dole abinci ya wuce wannan mataki da wuri. Saboda haka ba a saka nama ko kaza da ƙanƙararsu. A bar su su saki a firji tukuna, a yanka ƙanana. Ki fara da High na awa ɗaya, sannan ki mayar Low. Abinci ya kai rabin tukunya, kada ya wuce kashi biyu cikin uku. Yawan buɗe murfi don a leƙa ko a ɗanɗana gishiri yana fitar da zafin da aka daɗe ana tarawa.

Babbar matsalarmu a nan ita ce wuta. An ƙera tukunyar ne don inda lantarki yake yini guda ba a ɗauke shi ba. Ki ɗora farfesu da safe, ki tafi biki Ƙofar Ƙaura, a ɗauke wuta da hantsi, a dawo da ita da la'asar. Ki dawo ki tarar yana ƙamshi, yana ɗan tafasa. To, naman nan ya yi awoyi a cikin ɗumi, ga zafin bazara. Wasu ƙwayoyin sukan bar dafin da sake tafasawa ba ya kashewa. Da ciwo, amma zubarwa za a yi. In kuwa kina gida aka ɗauke, maza ki juye a tukunyar ƙarfe ki ƙarasa a kan gas ko gawayi. Gidan da babu sola ko janareta, gara kada a ɗora ta a fita.

Mai sayen ta gwanjo ya juya gindinta ya karanta. Wutar Najeriya 230V ce (V na nufin volt, ma'aunin ƙarfin wutar lantarki). In an rubuta 110V ko 120V, ta Amurka ce, tana shiga soket za ta ƙone sai da taransifoma mai rage ƙarfin wuta.

Busasshen wake, musamman jan waken nan babba na waje, a jiƙa shi, a tafasa shi sosai a murhu aƙalla minti 10 kafin ya shiga tukunyar. Yana da guba wadda ƙaramar wuta ba ta kashewa.

Tangaran mai zafi in ya sha ruwan sanyi tsagewa yake yi. Kwanon waje kuma ba a tsoma shi a ruwa. A zare filogi, a goge da tsumma. Sauran abinci ya shiga firji kafin awa 2, gobe a ɗumama shi a murhu.

Aikin gida: Ki duba bayan dutsen guga ko fankar gidanku, ki kwafo lambar da ke kafin harafin V a littafinki. Sannan ki rubuta jimla biyu a kan abin da za ki yi in an ɗauke wuta kina tsakiyar dahuwa.