Kurakuran da Baƙi Suka Fi Yi a Gidan Tarihi na Jos

Duk sanda baƙi suka sauka gidanmu daga Kano ko Zariya, ni ake ɗora wa nauyin kai su gidan tarihi, wanda 'yan gari suka fi sani da miziyam. Na yi ta wannan jigila har na haddace wuraren da ake tuntuɓe.

Tarkon farko shi ne gidan zu. Yana maƙwabtaka da gidan tarihin, kuma da yara sun hango ƙofarsa magana ta ƙare. In ka biye musu sai azahar za ku fito, ƙafa ta yi nauyi, mai zagayawa da ku yana bayani kuna ta hamma. Ku fara da tarihi tun da hantsi, birai ba inda za su. Wanda ya zo a Disamba ko Janairu kuwa ya riƙo rigar sanyi.

Kafin ku ɗaga ƙafa, ku daidaita da mai zagayawar: nawa ne, ina da ina za a shiga, ina aka yarda a ɗauki hoto. Ku karɓi rasit, ku tanadi canji.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yi wa komai kuɗin goro da sunan "kayan Turawa". Ginin kam na zamaninsu ne, an buɗe shi a 1952 ƙarƙashin wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg. Amma kawunan yumɓun Nok da ke ciki sun haura shekara 2,000. Abin da ya haɗa su da Turawa haƙar kuza ce kawai: ita ta tono na farko a 1928 kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau. Wata rana na kai goggota, tana yin ido biyu da su ta ja mayafi, ta ce, "A'uzubillahi, gumaka!" Mai zagayawar bai yi gardama ba. Cewa ya yi, "Hajiya, dubi kitson nan, sannan ki dubi yadda aka huda ƙwayar ido." Goggo, wadda ta shekara talatin tana kitso, ta matso har numfashinta yana dusashe gilashi, tana ƙirga layuka da yatsa. Da ƙyar muka ɓamɓaro ta.

Haka ma filin gine-ginen gargajiya. Ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya da kuke gani kwaikwayo ne, an gina su don a nuna fasahar magina irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin na ainihi. Kada ka koma gida kana cewa ka taɓa tsohuwar ganuwa. Kada kuma a bar yara su hau. Ginin ƙasa ne, damina kaɗai ta ishe shi.

Sai tsohon kan jirgin ƙasa. Nan kowa ke ɗarewa a ɗauke shi hoto a wuce, alhali nan labarin ya fi shafar mu. Kafin dogo ya iso, 'yan dako ne ke ɗaukar kuza a ka daga nan har Loko, bakin Binuwai. Ƙaramin layin da ya taso daga Zariya ya iso yankin a 1914, aka rufe shi a 1957. Ka tambayi mai zagayawar: su wa suka yi haƙar? Sau da yawa bayanin da ya haddace na kamfanoni ne da injuna, amma in ka ja shi da tambaya zai kawo maka diban gwamna. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka riƙa ɗebo mutane daga lardunan Arewa a kawo su aikin tilas har zuwa 1944. Da yawa sun zo ba bargo ba isasshen abinci, sanyi da cuta suka kashe su. Su kuma Birom gonakinsu aka farke. Ba mamaki a cikin baƙin da ka kawo akwai wanda kakansa ya ɗauki kwanon ƙasa a Bukur.

In an tashi daga nan, wasu sukan ce a kai su Rayfield ko Bukur su ga tafkunan kuza. A je, amma a tsaya nesa da gaɓa. Ramukan haƙa ne da ruwa ya cike, ba su da gangare irin na rafi, taku ɗaya ƙasa ta ɓace maka, ga laka a gindi. Ni dai in da yara a motar, ba na buɗe ƙofa sai kowane babba ya riƙe hannun ɗaya.